Kwana Ɗari da Biyar

Kwana ɗari da biyar suka ba ni,
na riƙa kashe su ɗaya-ɗaya kamar kuɗin cefanen ƙarshen wata.
Ranar na ɗari da shida, Amparo,
ko juyi ba ki iya ba tukuna,
na sa rigar aiki, maɓallin ƙirji ya ƙi shiga.

Ƙarfe tara na dare motar haya ke tsayawa
a bakin layinmu, inda Consing ke gasa ayaba.
Cebu na shimfiɗa tabarma, mu muna ɗaura takalma,
don rana ta fito wa wasu a ƙetaren teku,
kuma dole a amsa musu waya.

Hawa na goma sha ɗaya. Sanyin na'ura har ƙashi.
Na maƙala abin ji a kunne, na ari wata murya.
A nan ba Luzviminda nake ba,
sun gutsure sunan, sun bar mini Lucy.

Wani dattijo a Ohio ya manta lambar katinsa,
yana zuba faɗa, ina zuba haƙuri,
sai can bayan muryarsa wani jariri ya tsala kuka.
Ba nawa ba ne.
Jikina bai tsaya tambaya ba.
Nono ya kawo, ya tsatsafo,
ya zana tsibirai biyu a gaban rigata,
ni kuwa bakina na cewa:
yallaɓai, sake karanto mini a hankali.

Ƙarfe biyu, hutun minti ashirin.
Rommel bai taɓa hana ni ba, gaskiya,
agogo kawai yake duba in na tashi,
ya sake dubawa in na dawo.

Ɗakin tatsa, da ɗakin ajiya ne.
Har yanzu akwai kujera mai ƙafa uku
da kwalin fitilun Kirsimeti na bara.
Na kunna 'yar na'urar, tana nishi kamar tsohuwar akuya,
na buɗe waya, ina kallon ki kina hamma,
sau bakwai, sau takwas, hamma ɗaya tak,
don nono ba ya jin umarni,
sai an lallashe shi da fuskarki.

Kwalba ɗaya da rabi.
Jiya biyu ne.
Na rubuta sunanki a jiki da kwanan wata,
na cusa a firji tsakanin shinkafar wani da lemon wani.

Evangeline ce ta koya mini wannan ɗaki.
Tagwaye ta haifa. A wata na biyar nata ya ƙafe,
rabin albashinta yanzu gwangwanin madara ke sha.
Ba ta magana a kai.
Ganyen zogale take kawo mini a leda,
ta ajiye a tebur, ta wuce.

Asuba. Na jera ƙanƙara a jaka, kwalabe a tsakiya,
na rungume kamar mai ɗauke da ƙwai.
A Mandaue motoci suka cushe,
rana na hawa, ƙanƙara na sauka,
ruwa na ɗiga a cinyata,
ina roƙon Allah a kan abu ƙarami:
kada ya yi tsami, kada ya yi tsami.

Innata na bakin ƙofa, idonta ja.
Ta ce kin ƙi kwalba har ƙarfe huɗu,
kin ture, kin ture, sannan yunwa ta yi miki magana.

Ban cire takalmi ba.
Na zauna a dandaɓen ƙasa, na ɗaga riga.
Kin kama da fushi, kamar mai karɓar bashi,
kina haɗiya kina harara ta da ido ɗaya.
Hannunki ya lalubo igiyar katin aikina,
kin damƙe, kin ja.

Ja, 'yata.
Su ma haka suke ja daga can.
Amma yanzu ƙarfe bakwai ne na safe,
Ohio ta yi barci,
Lucy na cikin jaka tare da narkakkiyar ƙanƙara,
ba za ta fito ba sai tara.